Gawo Ba Ya Rigima Da Gero

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar duwan da patanti da kuɗin hayar shago, mu shiga daji. Kada wani ya ce mun ɓace hanya. Kasuwar dai za mu, sai dai ta dawa za mu bi.

Sanin kowa ne cewa a Briqueterie yanzu, in ka ce wa ɗan kasuwa "ya ciniki?" amsar da za ka ji ita ce "sai haƙuri". Tela ya ce babu, mai atamfa ya ce babu, mai turare ya ce babu, har mai soya da hayaƙinsa ba ya yankewa shi ma ya ce babu. In aka nemi dalili ba ya wuce uku: babu kuɗi a hannun mutane, haraji ya yi yawa, baƙi sun cika gari da kaya masu arha. Duk ba mu musa ba. Tun da aka zabge albashin ma'aikata har sau biyu a 1993, aka kuma karya darajar sefa a Janairun 1994, mutane da yawa waɗanda a da ba ruwansu da tebur suka shigo saye da sayarwa, kuma ba su koma ba. Amma akwai dalili na huɗu da ba a cika son faɗinsa a majalisa ba, saboda ya shafi kowa da kowa. Shi ne mun taru mun zuba hannu a akushi ɗaya.

Mutum ya shigo ta wajen Warda ya ratsa unguwa a ƙafa, yana duban shaguna dama da hagu. Shaddar da ke shagon farko ita ce a na biyu, ita ce a na goma. Launi ɗaya, zane ɗaya, sau da yawa ma dila ɗaya aka fasa aka raba. To mai saye me ya rage masa ya tambaya? Abu ɗaya ne, wa zai rage mini? A ce turmin atamfa ka sauke shi a kan sefa 8,000 kana sayarwa 10,000. Maƙwabcinka ya sauko 9,500, kai ma ka bi shi, ya koma 9,000, ka ce ba zai ƙwace maka mutanenka ba, ka koma 8,500. Ɗari biyar ɗin nan ita za ta biya haya da wuta da patanti da abincin yaron shago da cefanen gida. Kayan kuwa bashi ne. Wanda zai kai bante a wannan tsere shi ne mai sauke kwantenarsa da kansa, sauran kuma sai a wayi gari a ga kwaɗo a ƙofa.

Wannan abu masana halittu sun daɗe da ba shi suna. A 1934 wani matashin masani a birnin Masko na ƙasar Rasha, mai suna Georgy Gause, ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi da wasu ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ya ɗauki iri biyu masu cin abinci iri ɗaya, ya sa kowanne a kwalbarsa, duk suka hayayyafa lafiya lau. Da ya haɗa su a kwalba ɗaya, yana ba su abincin da ya saba ba su, cikin 'yan makonni iri ɗaya ya cika kwalba, ɗayan kuwa ya yi ta raguwa har ya ƙare. Abin lura, ba faɗa suka yi ba. Babu wanda ya ciji wani. Ɗaya dai ya ɗan fi ɗaya saurin ci da saurin haihuwa, shi ke nan. Sai ya sake gwaji da wasu iri biyu, ɗaya mai kiwo a ƙasan kwalba, ɗaya mai kiwo a saman ruwa. Waɗannan suka zauna tare, babu wanda ya kori wani. Daga nan aka sami ƙa'idar da ake koyarwa har yau, cewa halittu iri biyu ba sa dawwama a wuri ɗaya matuƙar hanyar cin abincinsu ɗaya ce sak. A 1989 Bruce Henderson, Ba'amurken da ya kafa kamfanin ba 'yan kasuwa shawara na Boston Consulting Group, ya rubuta maƙala a mujallar Harvard Business Review a kan asalin dabarun gasa, kuma da labarin kwalbar Gause ya buɗe ta.

Mu a nan, in shago ya mutu, abin da ke fara zuwa baki shi ne an yi masa asiri, ko baki ya kama shi, ko wane ne ya binne masa wani abu a bakin ƙofa. Ba mu ce babu masu hassada ba. Amma halittun Gause babu boka a cikinsu, kuma ɗaya ya ƙare.

Kada a ce sai mun je Rasha. Misalin da ya fi wannan kyau yana nan ƙasarmu Kamaru. Kusa da garin Kumba, a yankin Kudu Maso Yamma, akwai wani tafki da ake kira Barombi Mbo, wanda ya taru a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Faɗinsa bai wuce kilomita biyu da rabi ba, zurfinsa kuwa ya kai kimanin mita 110. A cikin wannan ɗan ruwa akwai kifi dangin karfasa har iri 11 waɗanda babu su a ko'ina a duniya sai nan. A 1994 wasu masana uku a Jamus, Ulrich Schliewen da Diethard Tautz da Svante Pääbo, suka buga binciken da ya nuna cewa waɗannan kifaye tushensu ɗaya, a cikin tafkin suka rarrabu. Binciken da ya biyo baya ya gano akwai ɗan gauraye da kifin rafukan kusa, amma bai rushe asalin maganar ba. Shi Pääbo ɗin nan shi ne ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 2022, kodayake a kan wani aiki dabam ne.

Yaya 'yan gida ɗaya har goma sha ɗaya suka zauna a ƙwarya ɗaya ba su cinye juna da yunwa ba? Kowa ya kama nasa akushi. Akwai wanda mutanen Barombi ke kira myaka, shi a tsakiyar ruwa yake kiwo, yana tace 'yan ƙananan tsirran da ke yawo a ciki. Akwai pungu mai kaurin leɓe, shi abincinsa har da wata halitta mai kama da soso da ke manne a jikin duwatsu da itatuwan da suka nutse, abin da sauran kifi ba su damu da shi ba. Akwai wanda ya koma mafarauci yana cin ƙananan kifaye. Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne dikume. Ruwan tafkin nan, daga kimanin mita 40 zuwa ƙasa, babu iskar numfashi a cikinsa. Shi dikume jininsa ya fi na 'yan'uwansa ƙarfin riƙe iska, don haka yakan gangara can inda iska ta yi ƙaranci, ya ci tsutsotsin da ke ɓuya a wurin, ya dawo sama. Inda wasu za su shaƙe, nan ne kasuwarsa.

Briqueterie ma ɗan tafki ce, kuma kakanninmu dikume ne. Lokacin da fatake Hausawa suka fara isowa Yawunde a zamanin Jamus, ba su zo su yi gasa da 'yan ƙasa wajen noman rogo ko ayaba ba. Sun zo da abin da babu a kurmi: shanu da fawa, kanwa, kayan fata, tufafi da ɗinki, suka koma da goro da roba da hauren giwa. Da aka tsugunar da su a Ekoudou a zamanin Faransa, kusa da tsohon wurin gasa tubalin da unguwar ta samo sunanta daga gare shi, da waɗannan sana'o'i suka kafu. Har yau in mutumin Yawunde yana son soya mai kyau ko babbar riga mai aiki, ya san inda zai dosa. Wato ita kanta unguwar, abin da ya raya ta shi ne ta bambanta da sauran gari. Abin takaici shi ne mu jikoki mun gaji bambanta da gari, amma a junanmu mun koma kwafin juna. Bahaushe ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Mu kuwa da mun ga akuyar maƙwabci ta haihu, duk layi sai ya cika da awaki.

Mun san wani zai ce, to ai taruwar nan ita ce ƙarfinmu, da mai soya ɗaya ne a unguwa wa zai taso daga Bastos ko Essos ko Biyem-Assi da dare? Wannan magana gaskiya ce, kuma tsuntsaye ma sun san ta. Dubi kabare, yadda suke saƙa sheƙa ɗari a bishiya guda. Idanu sun yi yawa, maciji ko shirwa ba sa zuwa a ɓoye. Amma a lura, bishiya kawai suka haɗa. Abincinsu ba a kanta yake ba, yana can cikin gonaki da fadamu, faɗin ƙasa guda. Haka layin 'yan kasuwa yake. In kayan da layi ke sayarwa irin wanda duk gari ke tasowa dominsa ne, yawan masu sayarwa talla ce. In kuwa kaya ne da ba mai saye sai mutanen lungu, irin su sukari da sabulu da katin waya, kowane sabon tebur ragi ne ga na kusa da shi. Don haka tambayar farko ga mai niyyar buɗe shago ita ce, mai sayen nan daga ina zai fito, daga Yawunde ko daga lungunmu? Ko a layin soyan ma, duk wanda ya daɗe yana da alamar da aka san shi da ita. Wani yajinsa ne, wani hanta da ƙoda, wani kaza, wani kilishin da ake tafiya da shi tsaraba, wani tsabtar teburinsa, wani kuwa don shi kaɗai ake samu bayan kowa ya kashe wuta.

Yanzu bari mu zo ga bishiyar da muka ɗauko sunan wannan maƙala daga gare ta. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Marwa ko Maraɗi ko Damagaram ko Katsina ya san gawo, wanda Fulani ke kira caski. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke taƙama da ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara kamar busasshe. Da rani kuwa, bayan kowa ya bushe, sai ya yi kore shar, ya yi fure, ya zubo 'ya'ya. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ba ya jayayya da shi a kan ruwan sama. Ganyen da ya zubar ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa sun bar kashi a gindinsa, manomi ya zo ya ga geron ƙarƙashin gawo ya fi na fili tsawo da zangarniya. Shi ya sa manomin da ke sare kowace bishiya a gonarsa yake ƙyale gawo, har sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 suka kafa doka mai tsanani a kan sare shi. Bishiyar da ba ta rigima da abincin mai gona, mai gona da kansa ke gadinta.

Telolinmu su saurara da kyau. Daminar tela a Briqueterie ita ce azumi da salla biyu. A waɗannan makonni ba a barci, keke na kuka har asuba, ana karɓar ɗinkin da an san ba za a gama ba, ana ɓuya wa masu kaya, ranar idi a yi ta faɗa a ƙofar shago. Salla na wucewa sai a koma shan shayi da kallon titi har wata da watanni. Alhali kuwa garin nan yana da wasu damunan da ba namu ba. Akwai kayan faretin matasa na 11 ga Fabrairu. Akwai atamfar ranar mata ta 8 ga Maris, wadda mata dubbai ke neman mai ɗinka musu ita cikin 'yan kwanaki. Akwai ankon ma'aikata na 1 ga Mayu da bikin ƙasa na 20 ga Mayu. Akwai kayan makaranta kafin a koma aji a Satumba, da bukukuwan Disamba, da bukukuwan tunawa da mamata da Bamileke ke yi da rani, inda dangi guda ke yin anko. Telan da ya iya kaba da siket da kwat, ya kuma je ya ƙulla da shugaban makaranta ko shugabar ƙungiyar mata tun kafin lokaci, wannan ya yi ganye a ranin 'yan'uwansa. Bai ƙwace wa kowa ɗinkin salla ba, kuma kekensa bai yi tsatsa ba.

Sai dai gawo ba da wayo kaɗai yake yin haka ba. Abin da ya ba shi damar yin kore da rani shi ne saiwarsa, wadda ke nutsawa can ƙasa ta tarar da ruwan da saiwar gero ba ta isa gare shi. Kuma tun yana ƙarami saiwar yake fara ginawa. Ka gan shi ɗan tsiro a sama kamar ba ya girma, alhali a ƙasa ya yi nisa. Saiwar ɗan kasuwa biyu ce, gwaninta da ajiya. Yaron da ya yi wata shida a gindin keke ya ce ya iya, ya matsa a buɗe masa shago da gilashi da fitilu masu launi, ganye ya yi ba saiwa. Wanda ya daure ya koyi yanka da kyau, ya koyi aikin hannu, ya koyi ɗinkin mata da na Turawa, ya kuma riƙe adashinsa bai fasa shi don sabuwar waya ba, shi ne ke da ruwan sha in rani ya tsananta.

Akwai kuma masu ci daga garke ba tare da sun ci ciyawa ba. Balbela tana bin shanu tana kama farin da suka tayar. Carki yana kan gadon bayansu yana cire kaska. Yawan shanu bai taɓa damunsu ba, ƙaruwarsu ce. A unguwar da keken ɗinki ya yi yawa irin tamu, wanda ya ƙware a gyaran keke da injin aiki, da mai sayar da zare da allura da maɓalli da zif, da mai bugun shadda, da mai guga, da yaron da ke kai wa mutane ɗinkinsu har ofis, duk balbelu ne. Kowane sabon tela abokin gasa ne ga tela, amma ga waɗannan sabon mai ciniki ne. Mun rasa abin da ya sa samarinmu ke ganin zama tela na ɗari da ɗaya ya fi mutunci a kan zama makanikin da teloli ɗari ke layi a ƙofarsa.

Game da sana'o'in yayi ba za mu tsawaita ba, don kowa ya gani da idonsa. Bayan shigowar wayar hannu wajen shekarar 2000, kowace kusurwa ta sami laima da tebur da mai sayar da kira. Aka yi yayin shagunan intanet, aka yi na kaset da faifan finafinan Kano. Ina suke yau? Shinge ne. Ruwan farko na sauka su fito dubbai su rufe fitila, da safe sai fukafukai a ƙasa, kwaɗi da ƙadangaru da yara masu kwano sun yi biki. Kaɗan ne ƙwarai ke tsira su kafa sabon suri. Duk sana'ar da laima da kujera suka isa a fara ta, gobe mutum hamsin za su fara ta. Ba mu ce haramun ce ba. Wanda ya shiga da wuri, ya san ta dare ɗaya ce, ya kwashe ribar ya zuba a wani abu mai saiwa, ya ci. Wanda ya shigo a ƙarshe da kuɗin gadon marayu shi ne abin tausayi.

Saura maganar manya, wato kaya masu arha daga waje da manyan kantuna. Wannan ba ƙaramar barazana ba ce. Atamfar Sin mai kwaikwayon zanen wasu ta taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kaduna, inda KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma a 2007, kuma CICAM tamu ta nan gida ta sha wuya a hannunta. A 2022 kuma aka buɗe katafaren kantin PlaYce mai ɗauke da Carrefour a Warda, nan bakin ƙofarmu. Mai tafiya kan hanyar Obala ko Mbalmayo ya san wata ciyawa da ke rufe duk gonar da aka bari, wadda a nan ake kira Bokassa. Asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma abin dariya, ƙasashe da dama sunan wani ɗan siyasa suka laƙaba mata: a Gana Acheampong, a Nijeriya Awolowo, a Kwaddibuwa Sékou Touré. Tana da saurin girma, irinta iska ke ɗauka, in ta kama fili sai ta danne komai. Amma tana da rauni ɗaya, ba ta son inuwa. A cikin kurmin da bishiyoyi suka haɗe sama ba ta yin ƙarfi. Inda aka share aka bari, nan take sarauta.

Filin da aka share a kasuwa shi ne kayan da ba su da wani bambanci sai farashi. A nan ƙaramin ɗan kasuwa ba zai taɓa kayar da mai kwantena ɗari ba, kuma ɓata jari ne gwadawa. Inuwarmu ita ce abin da babban kanti ba ya iyawa. Ba ya auna ƙirjin mutum ya yanka masa riga daidai jikinsa. Ba ya ba ma'aikaci kaya ya ce kawo kuɗi ƙarshen wata don ya san mahaifinsa. Bai san yadda ake haɗa lefe ba, balle ya san wace gwaggon amarya ce mai wuyar sha'ani. Ba ya haɗa wa Hajiya turaren wuta da humra yadda take so. Ba ya buɗe wa mutum da tsakar dare. Wanda ya bar waɗannan ya koma tseren farashi da mai gilashi da na'urar sanyi, ya sare bishiyoyin gonarsa da hannunsa ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba cewa muke yi kasuwa dawa ce, mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi ba. Dawa ba ta da alƙali, mu muna da shi, muna kuma da maƙwabtaka da kunya. Cikin halittu ma akwai waɗanda ba abin koyi ba ne. Kauci yana hawa bishiya ya soka saiwarsa a jikinta yana shan ruwanta, wuta-wuta tana yi wa dawa da gero haka a ƙarƙashin ƙasa. Mai karɓar kaya bashi a wurin babban ɗan kasuwa, ya karyar da su ƙasa da kuɗin saye don ya kashe maƙwabci ko don ya riƙe tsabar kuɗi, kauci ne. In reshen ya bushe da shi zai bushe, kuma ya ja wa 'yan unguwa goma an daina ba su amana a Duwala.

Magana ta ƙarshe ta iyayenmu alhazai ce, masu yara a shago, kuma da girmamawa muke yin ta. Al'adarmu mai kyau ce, yaro ya yi shekaru yana hidima, ranar sallama maigida ya ɗebi kaya a shagonsa ya ba shi jari. Amma dubi yadda ake yi. Kayan irin na maigida ne, shagon kuma a layin maigida ake kama masa, wai don ido ya riƙa kaiwa. Masu sayen da yaron ya sani kaf na maigida ne. Alhaji, ka ɗauki kanka da ɗanka ka zuba a kwalbar Gause. Ko ya janye maka mutane a ce ya ci amana, ko ya ji kunyarka ya zauna ba ciniki har jarin ya narke a ce ba shi da albarka. Zumunci nawa ne ya lalace a unguwar nan ta wannan hanya?

Bishiya ba ta yin haka da 'ya'yanta. Irin da ya faɗi a gindin uwa yawancinsa ba ya kai labari, inuwarta ta hana shi rana, saiwarta ta riga shi ruwa, ƙwarin da suka saba da ita su cinye shi. Shi ya sa take lulluɓe iri da zaƙi don wani ya ɗauka ya kai nesa. Jemagun nan da muke gani suna keta sararin Yawunde da magariba aikin da suke yi ke nan. Su ne ke baza irin bishiyoyi kamar iroko, kuma binciken da aka yi a kan irinsu a Gana ya nuna suna iya kai iri har nisan kilomita 75.

Yawunde ta faɗaɗa ta ko'ina. Olembe da Nkoabang da Odza da Nkolbisson sun cika da sababbin gidaje, ga Soa da ɗalibanta, ga Obala da Mbalmayo da Mfou a kusa. Mutanen waɗannan wurare suna biyan kuɗin mota su sha cunkoso su zo Briqueterie neman tela da mai soya da mai yadi. Yaron da aka kama wa shago a can, kaya yana ɗauka daga wurin maigida a kan sari, ya zama reshe mai kawo ciniki, hayarsa ma ta fi sauƙi. In kuwa lallai sai a unguwa ake son ya zauna, to a ba shi abin da shagon maigida ba ya yi: in Alhaji yadi yake sayarwa, yaro ya kama kayan ɗinki, in Alhaji fawa yake yi, yaro ya kama kilishi ko kai nama gidajen abinci. Ido kuwa, yau da waya a aljihun kowa da Orange Money da MTN Mobile Money, ana iya duba cinikin Mbalmayo daga kan tabarmar ƙofar gida kafin a kira isha'i.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar adashi da yadda ake rubuta yarjejeniyar sallamar yaro. Mu kwana nan.